Wandon Da Ya Ƙi Tsuguno

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin ruwan Bagauda ya san Mainasara, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Masunci ne ɗan masunci, cikin mutanen da ruwan Tiga ya taso iyayensu, kuma a faɗi gaskiya, wajen gyaran koma, ragar kamun kifi, babu na biyunsa. Inda gizo ke saƙar shi ne Mainasara bai yarda iyawarsa ta tsaya a kan koma ba. In injin ban-ruwa ya lalace, shi ya san ciwonsa. In haƙori ya dami wani, ya taɓa cire wanda ya fi shi. Ranar da jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa ta kan ruwa, cewa ya yi matuƙin ɗan koyo ne. Allah ya hore masa baki, ya kuma hore masa tumbi, kuma duka biyun suna riga shi isa wuri.

To, ƙaninsa Hafizu ya ga wadda yake so a Ɗansoshiya, Zulaihat, 'yar gidan makiyaya. Shekara biyu yana zarya a kan babur kafin a ce ya turo manya ranar Asabar. Mahaifinsu ya rasu, don haka Mainasara ne uba, shi zai yi magana. Mai ba da auren kuwa, Baffa Sunusi, dattijo ne da ba ya wasa da gaisuwa. Kowa ya san ya taɓa sallamar masu neman auren yayar Zulaihat, don kawai babbansu ya gaishe shi a rusune bai kai gwiwa ƙasa ba.

Hafizu ya shiga Kano ya yanko shadda yadi biyar, ruwan sararin samaniya, ya kawo wa wansa.

"Yaya, don Allah ka kai wa Ɗantani yau-yau. Kuma in kun je, ka tsuguna sosai."

"Ni za ka koya wa gaisuwa? Ni da na gaida hakimai?"

Ɗantani tela ne a kasuwar Bebeji, kuma taubashin Mainasara, don haka tsakaninsu ba a raga wa juna. Shi ma yana cikin masu rakiyar ranar Asabar. Mainasara ya isa ya tarar shagon a cike. Ɗantani ya zaro tef daga wuya, yana awo yana faɗa da ƙarfi yana rubutawa, yadda ya saba.

"Kafaɗa sha tara. Hannu ashirin da biyar. Ɗaga hannu mana, malam."

Sai ya kama bakin tef ya zagaya ta bayan Mainasara, ya ɗan ɓace, sannan ya ɓullo ta ɗaya gefen yana haki na ƙarya.

"Tumbi hamsin da uku! Kai, Mainasara, kifin nan sayarwa kake ko cinyewa?"

Shago ya ɗauki dariya. Mainasara ya ji kamar an watsa masa barkono.

"Tef ɗinka ne ya motse."

"Tef ba ya motsewa, mutum ne ke buɗewa."

"Ba ni shaddata! Ɗinkin me? Ni da nake ɗinke koma gaba arba'in kafin azahar, riga ce za ta gagare ni? Wallahi da hannuna zan ɗinka, kuma ranar Asabar sai ka roƙe ni in koya maka."

"Allah ya kai mu," in ji Ɗantani, yana miƙa masa ledar. "Ka dai bar wa tumbin wurin zama."

Abin da ya ƙara wa Mainasara ƙarfin gwiwa, ya taɓa ganin wata mata a waya tana zana riga a takarda kafin ta taɓa yadi. Data ta ƙare masa a tsakiyar bayanin, amma a ganinsa rabin ya ishi mai basira. Sirrin kenan da teloli ke ɓoyewa: a zana mutum a takarda daidai jikinsa, a ɗora a yadi, a yanka. Ina amfanin tef da tonon asiri?

Ya samo takardun buhun siminti, ya sa matarsa Balaraba ta dama koko mai kauri, ya lilliƙe su suka zama shimfiɗa guda. Ya baje ta a tsakar gida, ya kwanta rigingine a kai, ya ware hannuwa, ya miƙe ƙafafu, ya ce ta zagaye shi da gawayi.

Balaraba ta fara daga kafaɗa. Da ta zo kwiɓi sai ya haɗiye numfashi, ya janye ciki iya ƙarfinsa har idanunsa suka firfito. Ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, wannan tudun da ya yi sama fa, a ina zan zana shi?"

"Wane tudu?"

"Cikin. Ni gefe-gefe kawai nake bi, shi kuwa sama ya nufa."

"Ke dai bi layi. Takarda ba ta ƙarya."

Suna cikin haka maƙwabciyarsu Rahma ta leƙo ta katanga neman aron rariya. Ta ga ƙato a miƙe sambal, ido a kafe, ba ya numfashi, matarsa a durƙushe a kansa. Sai ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Balaraba, yaushe? Ɗazu-ɗazu na ji muryarsa!"

Kafin Mainasara ya saki numfashi ya ce uffan, mata huɗu sun shigo da salati, wani tsoho ya yi sallama a zaure yana tambayar ko a sanar da liman. Dole ya tashi ya fita ƙofar gida ya nuna kansa. Da yake kuma taro ya samu, sai ya tsaya yi musu bayanin sabon ilimin ɗinki wanda ko a Kano ba kowa ya sani ba. Ya daɗe yana yi. Da ya dawo ya tarar akuyar Balaraba ta bi ƙanshin koko, ta cinye ƙafar dama ta takardar har gwiwa, tana shirin kama ta hagu.

"Ba komai," in ji shi, bayan ya bi ta da takalmi. "Ƙafata ce, na san ta." Ya liƙa wata takardar ya zana ƙafar da ka, ta fito siririya kamar ta balbela.

Ranar Laraba aka yi yanka. Ya ninka shadda biyu, ya ɗora takarda, ya bi layin gawayi daidai-wa-daida, ko faɗin farce bai bari ba na bakin ɗinki. Riga ta fito da hannuwa a ware. Wando ya fito falle biyu, gaba da baya iri ɗaya.

Balaraba ta ɗaga wandon ta juya shi. "Malam, ina hantsa?"

"Hantsa ta mutanen da ce. Ɓarnar yadi."

"To da me za ka zauna?"

"Balaraba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Je ki ji da tuwonki."

Ta tafi ta ji da tuwonta. Ita dai ta san wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Sai ɗinki. Ya ɗauko keken hannun Balaraba, ya ja zaren teloli ya tsinka shi da yatsa biyu, ya yi tsaki. Wannan ne zare? Ya shiga ɗaki ya fito da zaren koma, irin wanda giwan ruwa ke ja ya gaji ya bari. Keke ya ce bai san zance ba. Allura ta farko ta karye, ta biyu ta karye, ta uku ta yi tsalle ta wuce ta gefen kunnensa. Balaraba ta zo ta ɗauke kekenta, ta kai ɗaki ta sa kwaɗo.

Ya koma ɗinkin hannu da basilla. Kuma da yake hannu ya saba, duk ɗinki ɗaya sai ya ƙulle shi, ya ja har ya ce ƙis, yadda ake wa idon koma. Ranar Alhamis ya miƙe zai tafi sallar la'asar, tabarmar da yake zaune a kai ta biyo shi, ashe ya haɗa ta da hannun riga tun daga hamata. Har bayan isha'i yana warwarewa. Duk da haka, ranar Juma'a da yamma ya tsaya a bakin masallaci yana cewa telolin Bebeji su fara neman wata sana'a.

Balaraba ta ce ya gwada. Ya ce gwaji na mai shakka ne.

Asabar da hantsi Hafizu ya iso da goro da alawa, ya tarar ana kokawa. Wando ya hau da ƙyar bisa tsohon gajeren wandonsa na kamun kifi, bayan Balaraba ta shafa wa ƙafar dama man gyaɗa. Riga ce ta tsaya a kan tumbi ta ce nan ta ga dama.

"Kama nan, Hafizu," in ji Balaraba. "Ja ƙasa. Malam, haɗiye cikin kamar ranar nan."

Suka ja, suka girgiza shi kamar ana ɗura masara a buhu. Can rigar ta wuce da wata ƙara, ta sauka har ƙwauri ta manne. Mainasara ya tsaya. Hannuwansa suka ƙi sauka, suna nan a ware yadda ya kwanta a takarda, kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gonar shinkafa.

Hafizu ya ji ƙwalla ta taho masa. "Yaya, don Allah cire. Sa tsohuwar farar nan."

"In cire? Ka san daɗin da nake ji kuwa? Iska ko ta ina."

Amma da ya ga idon ƙanin, ya ce to a gwada. Aka ja sama, aka ja ƙasa, riga ta ce shiga ta sani, ba ta san fita ba. Ga rana tana yi, ga manya suna jira a bakin titi. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka aka fito da shi ta zaure a kaikaice.

Ɗantani na ganinsa ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe ciki.

"Taubashi, tashi za ka yi? Ka bari mu ma mu hau!"

"Hassada ce ke cin ka. Wannan yayin bai iso Bebeji ba tukuna."

"Allah ya sa kada ya iso."

Aka kawo babur. Mainasara ya ɗaga ƙafa zai hau, ƙafa ta tashi taƙi ɗaya daga ƙasa ta tsaya. Ya gwada ɗayar, ita ko taƙin ba ta kai ba. Ƙarshe sai a-kori-kura aka tsayar, mai kai buhunan taki Kiru. Mutum huɗu suka ɗaga shi kamar azara suka kafa shi a baya, aka ɗaure shi da igiya jikin ƙarfe don kada ya faɗo. Haka aka ratsa ƙauyuka da shi a tsaye, hannuwa a buɗe, mutane suna fitowa kallo. Shi kuwa yana gyaɗa musu kai dama da hagu.

"Kun gani? Haka manya ke shiga gari."

A Ɗansoshiya Hafizu ya tsaya nesa gindin wata ɗorawa, don mai neman aure ba ya shiga cikin manya. Baffa Sunusi yana zaune a kan buzu ƙarƙashin tsamiya, 'yan'uwansa dattawa a gefe, an shimfiɗa wa baƙi tabarmi, ga ƙwaryar fura da nono an rufe da faifai. Baƙi suka yi sallama, suka tuɓe takalma, suka zube gaba ɗaya.

Saura mutum ɗaya.

"Barka da hutawa, Baffa," in ji Mainasara daga can sama. "Mun same ku lafiya? Ya shanu?"

Baffa Sunusi ya haɗe fuska. Ya ɗaga kai a hankali, ya bi shi da kallo daga ƙafa har hula, sannan ya dubi Ɗantani.

"Wannan da ya buɗe mana fukafukai, shi ne babban naku?"

"Shi ne, Baffa." Ɗantani ya ja bakin rigar Mainasara, ya rage murya. "Kai, tsuguna!"

"Ina zuwa," in ji Mainasara ta gefen baki. Gumi ya fara tsattsafo masa. "Baffa, ai girmamawa a zuci take. Wani ma in ya tsaya..."

"A zuci?" Baffa ya jawo sandarsa. "To ku koma da ita a zucin. Mu nan a gwiwa muke ganinta. Shekarata saba'in da shida, ba a taɓa neman 'yar gidan nan daga sama ba."

Mainasara ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada. Ya ce bismillahi, ya saki nauyinsa gaba ɗaya ƙasa, yana addu'ar ɗinki ya ɓarke ko ta ina, a huta. Ɗinkin tela da tuni ya yi masa wannan alfarmar. Amma zaren koma ne, ƙulli bisa ƙulli, bai san sabo ba. Gwiwa ta ƙi lanƙwasa, ƙugu ya ƙi karyewa, sai mutum ya tafi gaba ɗungurungum kamar an sare giginya. Dattawa suka watse. Ya sauka rub da ciki, hannun dama ya doki ƙwarya, fura da nono suka yi sama suka dawo, rabi a bayansa, rabi a kan buzun Baffa.

Baffa Sunusi ya miƙe, nono na ɗiga daga gemunsa.

"Ku kwashi goronku."

Daga inda yake kwance, kunci a ƙasa, Mainasara yana hango gindin ɗorawa. Ya ga Hafizu ya ɗora hannu biyu a ka, ya sulale ya zauna jikin babur. Shekara biyu yaron nan yana cin ƙurar hanyar nan. Abu ɗaya tak ya roƙa. A karo na farko tun da ya yi wayo, Mainasara ya lalubi abin cika baki ya rasa, sai kunya da tausayi suka cika masa ƙirji.

"Baffa!" ya ce. "Don girman Allah kada laifina ya shafi yaron nan. Wallahi ba girman kai ba ne. Wando ne."

Baffa ya tsaya. "Wando?"

"Ba ya tsuguno, Baffa. Ni na ɗinka shi da kaina. Ban iya ba. Tela ya auna ni na ji haushi, na ce zan iya, ban iya ba."

"Ƙara faɗa," in ji Ɗantani, "na bayan ba su ji ba."

"Ban iya ba! Ka ji daɗi?"

Baffa Sunusi ya dawo. Ya sa sanda ya ɗan taɓa ƙafar dama, ya ji ta a sanƙare. Ya sunkuya ya kama ɗinkin gefe ya ja, ya ƙara ja da hannu biyu.

"Wannan ai ko bijimi aka ɗaure da shi ya ɗauru," ya ce. Gemunsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, sai dariya ta ƙwace masa har da tari, dattawa suka taya shi. Mutanen gidan sun ce rabon da a ga haƙoransa tun wata shekara da damina ta yi kyau. "Kai tela, fito da shi daga ciki mu ji abin da ya kawo shi."

Ɗantani ya zaro ɗan almakashi daga aljihu, ya duba ɗinkin ya girgiza kai. "Warware wannan sai magariba. Taubashi, ka yafe shaddar?"

"Yanka kawai."

Ya kama daga ƙeya ya tsarge rigar har ƙasa, ya bi bayan wandon ya raba shi biyu, ya ɗan ɓarka hamata. Mainasara ya ja wani dogon numfashi wanda tun hantsi yake bin sa. Aka tashe shi, ya juya ya fuskanci Baffa, ya zube gwiwa biyu a ƙasa, ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin daɗin tsuguno irin na ranar ba.

Ya yi gaisuwa tiryan-tiryan, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi damina. Sannan cikin 'yar murya, ba ƙari ba ado, ya ce sun zo nema wa ɗansu Hafizu auren 'yarsu Zulaihat. Baffa ya dubi 'yan'uwansa, ya share gemu.

"Mutumin da zai faɗi ƙasa ya tona wa kansa asiri don ƙaninsa, gidansu ba za a wulaƙanta 'yarmu ba. Mun ba ku."

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ɗantani ya ɗaga wa na gindin ɗorawa hannu, sai ga Hafizu ya yi tsalle har babur ya faɗi.

Saura tafiya. Mainasara ya miƙe, ya ji iska na kaɗa masa baya tun daga wuya har dunduniya, ya san in ya juya dattawa za su ga abin da bai kamata ba. Sai ya riƙe gaban rigar da hannu biyu, ya rusuna, ya fara ja da baya taku ɗaya-ɗaya, fuskarsa na kallon Baffa.

"Kun ga ladabi?" in ji Baffa Sunusi, yana nuna shi da sanda. "Ko ƙeya bai yarda ya juya mana ba. Yaran yanzu ku koya."

Mainasara ya ji kansa ya fara dawowa daidai. Ya ƙara rusunawa sosai, ya ci gaba da ja da baya, ya fita daga inuwar tsamiya, ya nufi hanya. Abin da bai lura da shi ba, hanyar ta bi ta jikin zanan gidan ne, inda matan gida kaf, tsofaffi da matasa, da na maƙwabta, suka jeru tun ɗazu suna leƙen baƙi. Ya iso gabansu da baya, a rusune, shadda ta buɗe biyu kamar labule, ga gajeren wandon kamun kifi mai faci uku kowanne da launinsa, fura na gangarowa a kai.

Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka, wasu na faɗuwa kan wasu, har zanan ya kwanta.

Mainasara ya daskare. Ya dubi Ɗantani, wanda ya toshe baki da hula yana hawaye. Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa, ya ce da shi ƙasa-ƙasa:

"Shekara talatin kana ɗinki, taubashi. An taɓa yi wa naka guɗa?"